Ƙafar da ta ƙi ɗaguwa: daga gwiwa matsalar take ko daga baya?

Ɗalibar likitanci ta aji huɗu ta rubuta:

Salamu alaikum. Ina neman taimakon manyanmu da ke nan, don jiya na sha kunya a zagayen safe, har yanzu abin bai sake ni ba.

An ba ni majinyaci in duba in gabatar. Namiji ne ɗan shekara 46, sana'arsa shimfiɗa tayil, wato wuni yake yi a tsugune. Kwana 12 ke nan da ya miƙe daga aiki ya ji ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa daga idon sawu. In zai yi tafiya sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa bene, in ya sauke kuma tafin ƙafar ya bugi ƙasa, fat. Sau biyu yana tuntuɓe a bakin ƙofa. Ya ce bayan ƙafar ya sage. Ya kuma ce ya daɗe da ciwon baya, amma wane mai aikin ƙarfi ne ba ya kuka da baya?

Na gwada ƙarfinsa. Ɗaga ƙafa sama na ba shi 1 cikin 5, ɗaga babban yatsa ma 1. Danna ƙafa ƙasa kuwa 5 ne cif. Na buga guduma a gwiwa da agara, duk sun amsa. Da aka zo kaina na ce jijiyar feroniyal, mai kai saƙo ga tsokokin ɗaga ƙafa, ce ta matsu a wuyan fibula, siririn ƙashin gefen ƙwauri, saboda tsugunno. Babban likita ya dube ni ya ce, "To, da me kika kore L5?" Wato saiwar jijiya da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya. Na yi shiru. Ya ce, "Kin tsayar da shi? Kin duba ƙugunsa?" Ni kuwa wandonsa kawai na naɗe zuwa gwiwa. Ya ce jibi in zo masa da amsa, a gaban gadon, ba a takarda ba.

Na karanta littafi, amma komai ya cakuɗe mini: L5 tana ɗaga ƙafa, feroniyal tana ɗaga ƙafa, inda suke sagar da fata ma kusan ɗaya ne. Da hannu kawai, ba hoto, yaya ake raba su?

Likitan ƙashi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, wannan tambayar ta kayar da mu da yawa. Ni a kan ƙafar wata tsohuwa aka ritsa ni da ita. Mai yiwuwa ma amsarki daidai ce, sai dai tsintuwa kika yi, shi kuma likitanki so yake ya ga inda kika samo ta.

Tukuna, a bakinmu jijiya uku ce: ta jini, ta saƙo, da mai ɗaure tsoka a jikin ƙashi irin agara. Ta saƙo nake nufi a nan.

Ki fara daga sama. Saiwoyi biyar ne ke fitowa daga ƙashin baya, L4, L5, S1, S2 da S3, su haɗu su zama sayatik, jijiyar da ta fi kowace kauri a jiki. Tana fita ta ɗuwawu, ta gangara ta bayan cinya, galibi a saman ramin bayan gwiwa take rabewa biyu. Tibiyal ta miƙe ƙasa ta cikin sha-raɓa har tafin ƙafa. Feroniyal kuma ta karkata waje, ta bi gefen jijiyar tsokar bayan cinya, ta naɗe wuyan fibula. Ki taɓa gefen gwiwarki ta waje, ƙasa kaɗan, za ki ji wani ƙullutun ƙashi. Kan fibula ke nan. A ƙasansa jijiyar take kwance, fata a sama, ƙashi a ƙasa, babu tsokar kirki da za ta kare ta. Shi ya sa harɗe ƙafa, doguwar tsugunno, filasta mai matsi, ko ramewa kwatsam ke iya kwantar da ita. Daga nan ta sake rabewa. Reshen ciki yana ba tsokokin gaban ƙwauri masu ɗaga ƙafa da yatsu, fatar da yake ji kuwa ƴar kaɗan ce, tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Reshen waje yana ba tsokoki biyu masu juya tafin ƙafa waje, shi ke kuma jin bayan ƙafa da gefen ƙwauri ta ƙasa.

Ga inda dabarar take. Saiwar L5 ba feroniyal kaɗai take shayarwa ba. In reshe ɗaya ya bushe, sai ki je ki duba sauran rassan da ke sha daga saiwar nan amma ba su bi ta wuyan fibula ba. Biyu ne masu amfani a bakin gado.

Na farko, juya tafin ƙafa ciki. Babbar mai wannan aiki ita ce tsokar tibiyalis ta baya, saƙonta na L4 da L5 ne amma ta jijiyar tibiyal yake zuwa. In matsalar a wuyan fibula take, juyawa ciki na nan da ƙarfinta, juyawa waje ce ta mutu. In daga saiwa ne, duka biyun sun yi rauni.

Na biyu, ware cinya gefe. Wannan aikin gulutiyus ta tsakiya ne, tsokar gefen ƙugu, kuma jijiyarta tun a cikin ƙugu ta rabu da sauran, ba ta ma san gwiwa ba. Kaso mai yawa na saƙonta daga L5 yake. Abin da likitanki ke nufi da tsayar da shi ke nan: ya tsaya da ƙafa ɗaya, ki zuba ido a ƙugunsa ta baya. In ya tsaya da ƙafar da ke da rauni, ƙugun ɗaya ɓangaren zai zube. Friedrich Trendelenburg ne ya bayyana wannan alama a 1895, har yau da sunansa ake kiranta.

Sai ki kwantar da shi rigingine ki ɗaga ƙafar a miƙe. In tsakanin digiri 30 da 70 ya ji zugi ya tsarga daga ɗuwawu ya wuce gwiwa, saiwa ake ja. Ɗaurewar tsokar bayan cinya kawai ba ta shiga lissafi, kusan kowa yana jin ta. Ki kuma ƙwanƙwasa wuyan fibula da ɗan yatsa, in ya ji kamar wuta ta ja shi zuwa bayan ƙafa, kin samu wurin.

Batun fata kuwa, gaskiyarki, ba ta raba gardamar nan sosai. Amfaninta shi ne ta nuna miki abin da ya tsira. Tafin ƙafa na tibiyal ne, gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa na S1 ne, cikin ƙwauri na L4 ne. In tafin ya sage, ko danna ƙafa ƙasa ya yi rauni, ko agara ta ƙi amsa guduma, to ki bar gwiwa ki hau sama wajen sayatik.

Mai gashin ƙashi ta amsa:

Likita ya gama magana, ni hannu kawai zan gyara miki, don a nan ɗalibai ke zamewa.

Juya ƙafa ciki tsoka biyu ke yin sa, tibiyalis ta baya da ta gaba. Ta gaban kuwa ita ce ta riga ta kwanta a majinyacinki. In kika tallafo ƙafar sama sannan kika ce ya juya, za ki ga kamar ba ƙarfi, ki tafi ki ce L5 ce. Ki bar ƙafar ta miƙe ƙasa kamar mai taka totur. Hannu ɗaya ya riƙe ƙwauri sama da idon sawu don kada ya murɗa cinya ya yaudare ki, ɗayan ki sa a gefen ƙafar ta ciki, wajen gindin babban yatsa, ki ce ya ture ki. Ki ɗora yatsa bayan ƙashin idon sawu na ciki, za ki ji jijiyar tsokar ta miƙe kamar igiya in tana aiki. Kullum ki fara da ƙafa mai lafiya, shi ya gane abin da kike so, ke kuma ki san ƙarfinsa na asali.

Ware cinya kuma a kwance ta gefe ake yi, ƙafar ƙasa a lanƙwashe, ta sama a miƙe an ɗan ja ta baya. Ki danna a saman gwiwa. Masu wayo sukan mirgina baya su ɗaga da tsokar gaban cinya, sai ki dafe ƙugun. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ki ba ta kamar daƙiƙa 30, wani ƙugun ba ya zubewa nan take. Ki ba shi yatsunki biyu ya dafa, mai irin wannan ƙafa yana iya tangaɗi ba don ƙugu ba.

Tun kafin ya hau gado ma ki sa shi ya taka da dunduniya, sannan ya yi ɗage. Minti ɗaya ne, amma ya gaya miki rabin labarin.

Abin da ya fi damuna ba sunan cutar ba ne. Ƙafar da aka bari tana reto, agara za ta ƙanƙance, ranar da jijiya ta farfaɗo sai a tarar gaɓar ta riga ta ƙage. Ko daga ina matsalar take, a sa masa takalmin roba mai riƙe idon sawu a digiri 90, a koya masa ja da tawul safe da yamma.

Ɗan aji biyar ya amsa:

Ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Mutum yana da ciwon baya, ƙafa ta faɗi, a tura shi hoton MRI na baya kowa ya huta. Kuma tunda kin ce gwiwa da agara sun amsa guduma, ai baya ta fita daga zargi ko?

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya amsa:

A'a ɗana, ba ta fita ba. Bugun gwiwa na L3 da L4 ne, na agara na S1 ne. L5 a tsakiya take, guduma tana tsallake ta. Ana iya bugun jijiyar tsokar bayan cinya ta ciki a neme ta, amma sai an saba, kuma sai an kwatanta da ɗaya ƙafar. Saboda haka mutum zai iya zuwa da faifan guringuntsin da ke tsakanin L4 da L5 ya ɓullo ya danne saiwar L5, ƙafa na jan ƙasa, guduma kuma tana amsawa lafiya lau. Abin da amsawar agara ta gaya wa ƴar'uwarka shi ne S1 da tibiyal suna nan, ba ƙari.

MRI kuma ina so ka yi hattara da shi. Ɗauki bayan mutum mai shekara 46 da ya yi rayuwarsa a sunkuye, da wuya ka rasa faifan da ya ɗan kumbura. Mutane da yawa suna yawo da irin wannan ba ciwo ba komai. In ba ka san abin da hannunka ya gaya maka ba kafin hoton ya fito, hoton ne zai ja ka, har a kai ga yanka bayan mutumin da gwiwarsa ce ke da matsala. Na taɓa karɓar wanda aka yi wa haka a wani wuri, ya zo da tabo a baya, ƙafa na nan yadda take, ashe wani ƙullutu ne mai ruwa ya zauna a kan jijiyar a gefen gwiwa. Da an shafa wurin da an ji shi.

In ana son gwaji, na saurin saƙon jijiya da na allurar tsoka su ne suka fi dacewa, kuma an fi samun amsa in an kai kamar mako uku da farawa, don alamun mutuwar zaren jijiya ba sa bayyana a tsoka da wuri. Akwai wata ƴar tsoka da muke nema da allurar, gajeren kan tsokar bayan cinya ta waje. Ita kaɗai ce feroniyal ke ba saƙo a sama da gwiwa. In ta taɓu, matsalar ta wuce wuyan fibula. Ƴata, riƙe wannan, masu jarrabawa suna son sa.

Yanzu bari in ƙara abin da ban ga kowa ya ambata ba. Kin tsaya tsakanin gwiwa da baya, alhali hanyar ta faro tun daga ƙwaƙwalwa. Wurin da ke sarrafa ƙafa a ƙwaƙwalwa yana can tsakiyar kai, inda ɓangarorin biyu ke fuskantar juna, kuma ƙari a wurin yana iya fara nuna kansa da faɗuwar ƙafa ɗaya ba tare da ciwo ba. Laka ma haka. Don haka kafin ƙarfi, ki ji taurin ƙafar: ya saki jiki, ki mirgina cinyar, ki fizgo gwiwar sama. Ki tankwasa idon sawu sama da sauri ki riƙe, ki ga ko zai yi ta karkarwa. Ki ja abu mara kaifi a gefen tafin ƙafa ta waje daga dunduniya zuwa gindin yatsu. In babban yatsa ya tashi sama, alamar da Joseph Babinski ya bayyana a 1896, to zancen ya bar ƙafa. Sai dai ki lura, yatsan da ba shi da ƙarfin ɗaguwa ba zai tashi ba ko da cutar tana sama, shi ya sa tauri da zafin amsa guduma suke da muhimmanci a nan.

Ki duba ɗaya ƙafar da gaske, ba don kwatance kawai ba. In duka biyun ne, tunani ya koma kan ciwon suga, giya, ko cutar gado irin ta Charcot, Marie da Tooth, wadda ke zuwa da ƙwauri siriri da tafin ƙafa mai zurfin baka. Ki murza jijiyar a wuyan fibula ta kowane ɓangare. In kin ji ta yi kauri kamar igiya, ki tuɓe shi ki nemi tabo mai haske da ba ya jin taɓi, don kuturta tana son wannan jijiyar, kuma tana jin magani.

Tambayoyi uku kuma ba a barin su ga mai ciwon baya da raunin ƙafa, ko da kunya: fitsari yana fita yadda ya saba? Yana riƙe bayan gida? Tsakanin cinyoyinsa da inda yake zama ya sage? In ɗaya ta zama e, ba a jiran zagayen gobe. A nan ne ɗan aji biyar zai samu MRI ɗinsa, a daren.

Nas a ɗakin ƙashi ta amsa:

Likitoci sun yi bayani, ni abin da nake gani a ɗaki zan faɗa. Ki tambaye shi ko an yi masa allura a ɗuwawu kwanan nan. Ba sa faɗa sai an tambaya. In aka raba ɗuwawu gida huɗu, gidan sama ta waje ne kaɗai wurin allura. Aka sauka ƙasa ko aka matsa ciki, sayatik na nan, kuma ɓangarenta da zai zama feroniyal shi ya fi saurin taɓuwa, sai abin ya fito kamar daga gwiwa yake. Ramammu da yara sun fi shiga haɗari, shi ya sa ƙananan yara a gefen cinya muke yi musu.

Sai masu filasta da masu doguwar jinya. Bakin filasta in ya tsaya daidai wuyan fibula, ko ƙafa ta kwanta ta waje ta jingina da ƙarfen gado kwana da kwanaki, shi ke nan. Duk wanda na karɓa da filasta sai na ce ya ɗaga mini babban yatsa, in taɓa tsakaninsa da na biyu in ce yana ji? In kuma mai karaya yana ihun ciwon da ya fi ƙarfin maganin da aka ba shi, na lanƙwasa yatsunsa ya ƙara ihu, ba na tsayawa neman bugun jini, likita nake kira. Ƙwauri ɗaki huɗu ne, kowanne da bango mara miƙewa, kumburi na iya kashe tsoka a ciki alhali jini na bugawa a bayan ƙafa.

Amma ke dai ki ji bugun nasa, kada a sake kama ki. Ɗaya a bayan ƙafa, gefen jijiyar babban yatsa ta waje, ɗaya a bayan ƙashin idon sawu na ciki.

Ɗalibar aji huɗu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na koma jiya da yamma, na nemi izininsa, aka ba shi gajeren wando, na fara daga tafiya.

Ya yi ɗage da ƙafa biyu, dunduniyar dama ce ta gagara. Ya tsaya da ƙafar dama daƙiƙa 30 yana dafe da yatsuna, ƙugu bai motsa ba. Ware cinya 5 ne, har ya kusa ture ni. Na ɗaga ƙafar a miƙe ta wuce digiri 70, bayan cinya kawai ya ce yana ja. Babu tauri, babu karkarwa. Fitsari da bayan gida lafiya, ba a yi masa allura ba, ƙafar hagu garau, jini na bugawa duka wurare biyun.

Anti mai gashi, abin da kika faɗa sai da ya same ni. Na manta na tallafo ƙafar sama na ce ya juya ciki, na ga kamar 3, gabana ya faɗi. Na tuna, na sake ta ta miƙe ƙasa, na riƙe ƙwaurin, sai ga 5, jijiyar ta tashi a ƙarƙashin yatsana kamar yadda kika ce. Juyawa waje 2 ne. Da na ƙwanƙwasa wuyan fibula sai da ya janye ƙafar, ya ce har babban yatsa ya ji. Ban ji kauri ko ƙullutu ba. Wani abin da ban tambaya ba da farko: ashe ya yi zazzaɓi mai tsanani wata biyu da suka wuce, ya rame har ya ƙara huda a bel ɗinsa, kuma a ranar da abin ya faru tun safe yake tsugune a wani ɗan matsattsen banɗaki.

Yau na gabatar. Babban likita bai ce komai ba, ya karɓi ƙafar ya gwada juyawa ciki da kansa, ya gyaɗa kai. Sai ya ce wace tsoka ce feroniyal ke ba saƙo a sama da gwiwa. Ranka ya daɗe likitan jijiyoyi, na amsa kafin ya rufe baki. An rubuta gwajin jijiya nan da kwana 10, an tura shi gashi a auna masa takalmin.

Ya ce mana in rufin jijiyar ne kawai ya matsu, makonni zuwa wata biyu ko uku ƙafar za ta dawo. In zaren ciki ya mutu kuwa sai ya sake tsirowa, kamar milimita ɗaya a rana, a lissafa daga gwiwa zuwa tsokar. Shi dai majinyacin tambayarsa ɗaya ce, yaushe zai koma aiki, don akwai gidan da ya bari rabi. Anti, in ya durƙusa a kan katifar gwiwa maimakon tsugunno, zai iya komawa kafin ƙarfin ya dawo, ko shi ma durƙuson yana matse wurin?